Guntun Birkin da ke Aljihuna

Laraba, 6 ga Agusta, bayan la'asar

Yau shekara biyu da wata bakwai rabona da gida. Ranar da na baro Zugu, Sagir ƙanena ne ya goya ni a babur har Bukkuyum, na ce masa sai Sallah. An yi Sallah shida tun daga nan.

Ni ne makanikin gidan Alhaji Nuraddeen a nan Abuja. Mutumin Gummi ne, zinari yake saye yana fitarwa. Motocinsa bakwai, shida na hawa, ɗaya ta kallo: jar nan mai ƙofa biyu, wadda cikinta ya kusa taɓa ƙasa, ko tudun kan titi sai an karkace take haye shi. Birkinta ba irin na kowa ba ne. Faifan da takalmin birki ke matsewa ba ƙarfe ba ne, wani abu ne gasasshe, toka-toka, kabon-siramik suke ce masa. Baba Tanko direba ya raɗa masa suna birkin tangaran, duk gidan aka ɗauka.

Inna da Safara'u matata da Nusaiba ɗiyata sun isa Gummi jiya da magariba, a babura biyu. Hajiya Iyatu, mahaifiyar Alhaji, ta ba su ɗaki a gidanta. Ba zan rubuta abin da ya fito da su ba. Wanda ya san Zugu da 'yan bindigar dajinta ya sani.

Jiya Talata na cire ƙafar gaba ta dama ta jar motar don in duba takalmin birki. Iyakar abin da zan rubuta game da jiya ke nan.

Akwai wani abu a aljihun rigar aikina.

Alhamis, 7 ga Agusta, da hantsi

Sagir bai iso Gummi ba. Wayarsa a kashe.

Juma'a, 8 ga Agusta, biyar na yamma

An gani.

Bayan masallaci Alhaji ya dawo da abokinsa Faruku, wanda shi ma yake da irin motar, baƙa. Faruku ya tsuguna yana leƙen birki ta tsakanin haƙarƙarin wili, kamar yadda masu irin motocin nan ke yi wa juna. Sai ya ce, "Nura, zo ka ga. Faifanka ya ɓalgace."

A bakin faifan ne, wajen gefe. Gurbi kamar farcen babban yatsa.

Aka kira ni, aka kira Baba Tanko. Jiya shi ya kai motar shan mai, ya kuwa bi ta hanyar da ake gyara, inda aka zuba tsakuwa. Alhaji ya tambaye shi, bai yi gardama ba.

"Awo, ranka shi daɗe, ta can nib bi. Amma wallahi ko kaza ta hi ni sauri."

Alhaji ya juyo gare ni. "Shafi'u, tsakuwa tana iya yin wannan?"

Na ce, "Tana iyawa, Alhaji."

Tana iyawa ɗin kuwa. Ban yi ƙarya ba. Tun ɗazu nake maimaita wa kaina haka.

Alhaji ya ce Baba Tanko ya ajiye makullai, ya zauna ɗakin bakin ƙofa har ƙarshen wata, a sallame shi ya koma Anka. Dattijo mai furfura, shekara talatin da ɗaya a gidan, tun zamanin mahaifin Alhaji. Ya zaro makullan daga aljihu ya miƙa da hannu biyu.

Ni kuma an ba ni aiki. Faifan nan ba a walda shi, ba a fiƙe shi, kuma ba a canja ɗaya sai biyu, dama da hagu. Alhaji ya ce in bincika in faɗa masa kafin ƙarshen wata: a sake sayo na tangaran, ko a juye motar duka zuwa na ƙarfe. "Kai ne ɗan gida," in ji shi. "Waɗancan dillalan motar na Legas duk abin da ya fi tsada za su ce."

Lahadi, 10 ga Agusta, bayan azahar

Bari in rubuta sau ɗaya, ko zan samu in ci abinci.

A Gummi na koyi aiki, garejin Malam Haris, kan tsofaffin a-kori-kura. A can idan wili ya kama, ka kwance noti, ka juya wa motar baya, ka ba tayar dunduniya. Ta saki, ta faɗo, ka tare da gwiwa. Shekara ashirin ƙafata na yin haka.

Jar motar ba a yi mata haka. Tana da ƙusoshi biyu dogaye a but ɗinta, ana ɗaura su a gurbin noti, wili ya zamo a kansu a hankali har ya wuce faifan bai taɓa shi ba. Ni na nuna wa Alhaji amfaninsu. Ni na hana mai facin unguwa taɓa ta saboda bai san su ba.

Ranar Talata na riga na kwance noti sai waya ta shigo. Safara'u ce, tana haki, ga ƙarar babur, ga kukan Nusaiba. Na maƙale wayar a kafaɗa. Ta ce suna hanya. Ta ce Sagir ya koma kwance shanu, ya ce su yi gaba zai cim masu. Ina cewa ina, ina, kuna ina yanzu, ban san sanda na juya baya ba. Dunduniyata ta yi abin da ta saba.

Ƙas. Kamar bakin kofi ya bugi bakin randa.

Na tsince guntun, na mayar da wili, na ɗaure noti. Na bar Baba Tanko ya tuƙa ta haka. Na bar Alhaji ya je masallaci da ita haka. Wannan ma ban yi tunaninsa ba sai yau.

Idan na faɗa, aikina ya tafi, wannan ba komai. Amma tsohuwata tana kwance a ɗakin uwar Alhaji.

Talata, 12 ga Agusta, da safe

Ba labari.

Alhamis, 14 ga Agusta, bayan la'asar

Na fara aikin da aka sa ni. Tunda an ce in auna, zan auna da gaskiya, ko a nan ne kaɗai.

Na tangaran yana da abin yabo. Bai kai rabin nauyin na ƙarfe ba, ka ɗauke shi da hannu ɗaya. Ba ya tsatsa. Ba ya fesa baƙar ƙura a wili, abin da Alhaji ya fi tsana ke nan a sauran motocinsa. Babban amfaninsa kuwa zafi: ka taka shi sau ashirin a jere kana gudun fitar rai, ba zai yi laushi ba. Na ƙarfe idan ya yi ja sai feda ta fara nitsewa.

To amma ina Alhaji yake gudun nan? Gida zuwa masallaci. Gida zuwa wajen cin abinci. Ran Lahadi ya hau titin filin jirgi ya taka na minti uku, gabansa ya faɗi, ya sassauta. Birkin bai taɓa yin zafin da aka yi shi dominsa ba. Shi ya sa da safe yake kuka kamar ƙofar langa-langa, Alhaji yana jin kunyar maigadin maƙwabta. Da ruwan sama kuma takun farko sai ka ƙara ƙarfi.

Shi wannan ba kauri ake dubawa ba, nauyi ake aunawa. An buga nauyinsa na ƙarshe a jikinsa, in ya kai nan ya ƙare. Na ari sikelin kukun gidan na cire faifan hagu, lafiyayyen, na ɗora. Shekara uku, kusan babu abin da ya ci. Zai iya kai Alhaji tsufa, in ba a buge shi ba.

Na sa ƙusoshin yau. Duka biyun. Na tsaya ina kallon wili yana zamowa lafiya lau, raina ya ɓaci har na ƙi cin abincin rana.

Juma'a, 15 ga Agusta, bayan magariba

Na samu Inna a wayar Safara'u. Ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari.

"Baban Nusaiba, kana cin abinci?"

"Ina ci, Inna."

"Muryakka ba ta nuna ba. Hajiya mutuniyar kirki ta. Katihwa tab ba ni, ni da ban saba ba, ƙasa nika sauka in kwanta. Ka riƙe ɗanta da amana, ka ji ko? Mutanen ga sun ruhe muna asiri."

Safara'u ta karɓa ta ce Inna tana tashi kafin kowa ta share tsakar gidan duka, an hana ta ta ƙi. Wai ba za ta ci tuwon mutane a zaune ba.

Babu wadda ta ambaci Sagir. Ni ma ban ambata ba.

Lahadi, 17 ga Agusta, da hantsi

Mutanen Legas sun turo farashin faifai biyu na tangaran. Na gani, ba zan rubuta ba. Na ƙarfe ƙafa huɗu da takalmansu bai kai kashi ɗaya cikin uku ba.

Sun ƙara da cewa in an saya, injiniyansu ne zai zo ya ɗaura, kuma zai duba tsohon ya rubuta abin da ya fasa shi.

Na karanta layin nan sau huɗu. Tsakuwa idan ta shiga, fuskar faifai take kartawa, zobe-zobe. Bugun wili kuwa baki yake ɓalgacewa, wuri ɗaya, tsaf. Duk wanda ya san aikin, kallo ɗaya zai yi.

In aka juye zuwa ƙarfe, ni zan ɗaura. Tsohon faifan ya shiga sito, kwali ya rufe shi.

Ga inda na tsaya ke nan. Ƙarfe shi ne daidai ga wannan motar da wannan mai ita, ko gaban alƙali zan faɗa. Kuma ƙarfen ne zai binne laifina lafiya. Yanzu ban san wane ne a cikina yake ba da shawarar ba, makanikin ko ɓarawon.

Litinin, 18 ga Agusta, azahar

Faruku ya zo. Ya ce wa Alhaji duk wanda ya sa ƙarfe a irin motar nan ya sanar wa duniya aljihunsa ya huje, kuma ran sayarwa za a rage masa. Maganar sayarwa yana da gaskiya, na faɗa a gabansu. Ta aljihu kuwa na yi shiru. Mutum biyu masu hankali, awa guda suna gardama kan ƙurar wili.

Ba na zaginsu. Kuɗinsu ne. Alhaji bai taɓa riƙe mini albashi ba, kuma ranar da na gaya masa maganar Zugu, kafin in rufe baki ya kira Hajiya. Da mugu ne da na samu sauƙi.

Laraba, 20 ga Agusta, bayan la'asar

An ce an ga shanunmu. Shanun kawai.

Juma'a, 22 ga Agusta, bayan masallaci

Kwana goma sha huɗu ina zagaye ɗakin bakin ƙofa. Yau Baba Tanko ya tare ni da kwanon fura.

"Injiniya, ko na zama kuturu? Zamna."

Na zauna. Ya dama, ya miƙo mini ludayi. Ya yi ta ba ni labarin Yargalma, garinsu na asali kafin su koma Anka, shekarar da ake niƙa dutsen zinari a tsakar gida, dalma ta shiga yara. Ɗiyarsa Maryam tana goye a lokacin. Ta rayu, amma yau shekararta goma sha shida, sai an ba ta abinci a baki, kuma maganin farfaɗiyarta duk wata daga albashinsa yake fita. Na sani. Ni nake taya shi tura kuɗin gida ta wayata.

Sai ya ce, yana kallon kwanon, "Ranar Talatar nan, nan nike zamne inda kake. Na ji ƙarar."

Na ajiye ludayin.

"Na kuma ji wayar da kaka yi. Duk na ji."

Na ce, "Baba, to me ya hana ka faɗa?"

"Ni ina da ɗaki Anka, ko da na laka na. Kai naka mutane ɗakin wa suke? Sha hura, ɗan Zugu, ta yi tsami tana jiranka." Ya yi dariya. "Amma dunduniyag ga taka, in ka koma gida a sa ta sussukar gero."

Na sha. Ban san yadda ta wuce ba.

Asabar, 23 ga Agusta, da safe

Alhaji ya bar ƙaramin sikelinsa na zinari a falo, ya ce in canja masa batir. Na ɗora guntun. Giram biyu da ɗigo ɗaya.

Na wanke rigar aikin sau uku tun ranar. Kowane wanki sai in fitar da shi, in mayar.

Litinin, 25 ga Agusta, bayan azahar

Na ba Alhaji amsa. Na ce ƙarfe. Na jera masa dalilai: ba ya zuwa filin tsere, birkin ba ya samun zafi, kukan safe zai daina, kayan suna nan Abuja, kuma hanyoyinmu tsakuwa ba ta ƙarewa. Na gaya masa aibinsa ma: zai ga baƙar ƙura a wili bayan kwana biyu, kuma Faruku zai yi masa dariya.

Ya ce, "Faruku ya sha dariyarsa. Shi ya sa nake son ɗan gida. A yi ƙarfe."

Ya dafa kafaɗata.

Shi ke nan, na tsira. Na koma ɗaki na zauna bakin katifa har aka kira la'asar.

Talata, 26 ga Agusta, da hantsi

Baba Tanko ya sayo buhun leda mai zif. Na gan shi yana ninke rigunansa. Ya tambayi kuku ko a Gusau ana samun maganin Maryam da araha.

Alhamis, 28 ga Agusta, shida saura na yamma

Na yi.

Da safe na kira Safara'u tukuna, don kanta abin zai faɗo. Na gaya mata duka. Sai ta ce, "In sunka ce mu tashi, akwai makarantar hwaramare, mutanenmu na can. Amma kak ka bari Inna ta ji dattijo ya rasa abinci saboda katihwatta. Ba ta sake kwana ɗakin ga."

Na samu Alhaji a gareji. Na roƙe shi ya tsaya. Na sa jak, na ɗaura ƙusoshin, na zare wili. Na fito da guntun na sa a gurbin. Ya zauna daram, ko gashi ba zai shiga tsakani ba.

Ya daɗe yana kallo.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin Baba Tanko ya fita da ita, Alhaji. Ni ne. Da ƙafa."

"Da ƙafa." Ya cire hula ya mayar. "Shafi'u, faifai ba komai ba ne. Ka tsaya a gabana na karɓe makulli hannun mutumin da ya kai ni makaranta ina yaro. Kana kallo. Sati uku."

Na ce haka ne.

"Ka bar ni na hau ta haka."

Na ce haka ne.

"To shawarar ƙarfen fa? Ita ma don kada na Legas su gani ne?"

Na ce, "Shawarar gaskiya ce, Alhaji. Ko yau ka tambaye ni, ƙarfe zan ce. Amma na san tana rufa mini asiri sanda na ba ka ita."

Ya ce, "To ta yaya zan raba?"

Ni ma sati biyu na yi ina neman yadda zan raba.

A gabana ya kira Legas ya ce su kawo na tangaran, da injiniyansu. Zai zuba kuɗin nan duka a kan birkin da ba ya buƙata, zai ci gaba da yi masa kuka da safe, kuma ni na jawo. Maganar kirki guda ɗaya da na yi a watan nan, na ɓata ta da hannuna.

Ya ce in haɗa kayana, Asabar in tafi. Na tsaya ban motsa ba. Ya gane abin da nake jira.

"Ɗakin na Hajiya ne, ba nawa ba. Ita ba ta san birki ba, baƙinta ta sani. Kada ka ƙara zagina da wannan tunanin."

Wannan ta fi korar zafi.

Daga nan ya taka da kansa har ɗakin bakin ƙofa, makullai a hannu. Ban bi shi ba. Na hango ya ɗan rusuna.

Juma'a, 29 ga Agusta, bayan magariba

Baba Tanko ya zazzage buhun ledarsa ya kawo mini.

"Wawa," in ji shi. "Na riga na shirya, ka ɓata min shiri. Riƙe, zif ɗin na da kyau. In ka biyo ta Anka ka sauka ka kai ma Maryam wanga magani, ka ce Baba na nan tahe da Sallah."

Na ce kada ya ce Sallah. Ya sa rana.

Asabar, 30 ga Agusta, bakwai na safe, a tasha

Motar Gusau saura mutum uku. Daga can Anka, in hanya ta yi kyau gobe Gummi. Malam Haris yana raye, an ce idonsa ya yi rauni, wataƙila yana son hannu.

Abin da na tsira da shi, daga can da nan:

Inna. Safara'u. Nusaiba.
Kan keken ɗinki, Safara'u ta rungumo shi a babur.
Akuya ɗaya, wani maƙwabci ya kai ta Nasarawa Burkullu.
Akwatin sifanu na aikin kanikanci, nawa ne, da kuɗina na saya.
Albashin wata guda, Alhaji ya bayar cikakke, ban ƙirga a gabansa ba.
Makullan Baba Tanko, suna aljihunsa.
Giram biyu da ɗigo ɗaya. Alhaji ya ce in tafi da shi.

Sagir ban sa shi ba, ban kuma cire shi ba.